Kwanon Malam Yana Dawowa a Suɗe

Har yau ban yafe wa mazan da suka riƙa cinye abincin mijina suna kallon sa yana ramewa ba, kuma ba zan ce na yafe don a ce ina da kirki ba. Da hannuna na rubuto muku wannan. Sai da na aurar da 'ya kafin na shiga ajin yaƙi da jahilci, in kun ga zancen ya karkace ku yi haƙuri da shi. A wancan lokacin ni mai tuwo-tuwo ce a kasuwar Head Bridge ta Onitsha, ko sunana ban iya rubutawa ba, amma duk ɗan dakon kasuwar nan ya san miyata, ya kuma san bakina. Malam, maigidana, mahauci ne, mutum mai shiru-shiru, goro da taba gari ba sa barin kumatunsa.

Wani ɗan gyambo ne ya fito masa a gefen harshe ya ƙi warkewa. Aka sha jiƙo, aka sha rubutu, daga baya asibiti suka ce ciwon daji ne. Suka yanke wurin, suka ce saura gashi, kuma sai a Enugu. Muka tattara muka sauka a Abakpa Nike, gidan wani Alhaji dillalin shanu ɗan garinsu. Ni da na ji an ce gashi na zaci wuta zan gani. Malam ya ce a'a, kwanciya kawai yake yi, a rufe masa fuska da wani abu da aka ƙera daidai kansa, inji ya zagaya shi, ba zafi ba hayaƙi. Na ce to me ake gasawa? Ya ce shi ma bai sani ba.

Ba mu daɗe ba rikici ya ɓarke. Aka ce an kashe 'yan Ibo a Arewa, su kuma suka huce a kanmu. Labari ya iso cewa rumfata ta ƙone ƙurmus. Mutanenmu suka yi ta kwararowa daga Onitsha, wasu ma tun daga Mile One ta Fatakwal, gidan Alhaji ya cika har soro. Kullum motar shanu tana lodin mutane zuwa gida, mu kuwa ba halin tafiya, don an ja wa Malam kunne cewa gashin nan ba a katse shi. Aka hana mata fita. Wani ƙanensa ne yake raka shi asibiti a okada, ni ina ciki ina girki.

Sannu a hankali na ga wuyansa ya yi baƙi kamar gindin tukunya. Yawunsa ya yi kauri, yana yauƙi, ba ya rabuwa da gorar ruwa. Magana ta ragu. Wata rana ya ce min komai ya sa a baki ji yake kamar yana tauna tsumma. To ni abin da na tashi na ga uwata tana yi, wanda baki ya mutu masa farfesu ake ba shi da yaji, da kunun tsamiya mai zafi, su buɗe masa baki. Na shiga daka barkono da citta da masoro. Ya ƙara ramewa, na ƙara yaji. Ya ƙara ramewa, na soya nama ya yi rau na ɗora a kai.

Kun san mu, mace ba ta zama ta tsare miji da ido yana cin abinci, balle gida cike da baƙi. Maza a ƙofar gida suke ciyayya, kowa a fito da kwanonsa a haɗa. Kwanon Malam kullum a suɗe yake dawo min, ko ƙashi babu. In na tambaye shi ya ƙoshi, sai ya gyaɗa kai ya ce Allah ya yi albarka. Nan kaina ya ɗaure. Mutum yana cin nama safe da yamma, wandonsa yana zamewa? Na ce injin ne ke tsotse masa jini. Matar Alhaji ta ce sammu ne, wata ta ce tsutsar ciki ce, wata ta ce firgicin rikici ne. Duk wadda ta faɗa sai in ga kamar ita ce mai gaskiya.

Ranar da ƙanen nasa ya bi mota ya tafi Arewa, dole ni na raka shi. Wata nas 'yar Ibo ta ɗora shi a sikeli, ta ɓata rai, ta kira ni da madam ta tambaya da brokin ɗin Turanci me nake ba shi. Na jero mata da alfahari. Matar nan ta ɗora hannu biyu a ka ta kira sunan Ubangiji da yarensu. Ta sa Malam ya buɗe baki, ta haska fitila, ta ce in leƙa. Shekara da shekaru ina aurensa ban taɓa ganin cikin bakinsa ba sai ranar. Jajir, ya saɓule, da fararen gyambuna har can maƙogwaro. Ta ce ko ruwan zafi ba zai wuce nan ba, balle barkono. Ta ce abin rufe fuskar ya fara yi masa yawa, in ya ƙara ramewa za a tsayar da gashin, ciwon kuma ba zai tsaya jiran kowa ba. Na ce ai yana ci, kwano wayam yake dawowa. Ta kalle shi. Ya sunkuyar da kai.

Muna dawowa da la'asar na tarar da Alhaji a kan tabarma, ko mayafi ban gyara ba na tambaye shi wa ke cin kwanon mijina. Ya ce haba uwar gida, a yi a hankali mana, ga mutane. Na ce mutanen nake so su ji. Sai ya ce gaskiya Malam ya daɗe ba ya kai loma, yana dai sa hannu ya taɓa ya tura musu, kuma shi ya roƙe su kada a gaya min. Wani daga gefe har da cewa wallahi Hajiya farfesun naki ba a magana, ba a bari ya lalace ga mutane da yunwa. Na ce masa Allah ya sa ya tsaya masa a wuya. Na shiga ɗaki na tsare Malam. Da ƙyar maganar take fita. Ya ce tun farko an gaya masa abin da zai ci a asibiti, amma yaya zai zauna a ɗaki yana shan ruwa-ruwa kamar jinjiri alhali baƙi suna waje? Ya ce kuma ya lura tun da rumfata ta ƙone, in ina daka yajin nan ne kaɗai ba na kuka. Na tsaya ban san wa zan zaga ba, shi, ko su, ko asibitin da suka yi wa namiji bayanin girki suka bar mai girkin a gida.

Malam ya ƙarasa gashinsa, ya yi shekaru bayan nan, ko da yake bai ƙara jin daɗin yaji ba har ya koma ga Allah. Har yanzu in na zauna sai in rasa ko kunya ce ta kusa kashe shi ko tausayina. Abin da na sani shi ne, duk wadda ake yi wa wani nata gashi a baki ko a wuya, ta bi shi asibiti da ƙafarta, ta tambaya da bakinta, ko da yaren kurame ne. Yaji da tsami da zafi da muke ba mai zazzaɓi ba na wannan ciwon ba ne. Kada ta yarda da kwano, kada ta yarda da alhamdu lillahi, ta ga haɗiyar da idonta.

Washegarin ranar da nas ta haska min bakinsa, da sassafe na dama kunun gyaɗa ba tsamiya, na fasa ƙwai a ciki ya dahu, na zuba madara, na tace, na bar shi ya huce, kamar yadda nas ta ce. Na ba shi maganin zafin da aka rubuta masa, ya kurkure baki da ruwa mai ɗan gishiri. Da ya fita wajen maza na ɗauki kofi da cokali na bi shi har ƙofar gida. Alhaji ya yi gyaran murya, na ce Alhaji a ɗan matsa min. Na zauna a tsakiyarsu a gaban mijina, na ɗebo cokali ɗaya, na ce masa ba inda zan je sai na ga gindin kofin nan.