Buzu Mai Faci

Shekarar da surukata ta rasu a Sarandosa, ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba. Da aka raba abin da ta bari, matata ta samu tunkiya guda, uda ce mai baƙin gaba da farin baya, ga ta da ciki. Ita ce tsohuwa take ɗaurewa a ƙofar ɗakinta, tana dama mata dusa da hannunta. Matata na da ɗanyen goyo, ga bazara ta kankama, sai na ce ta zauna gida a Fagada, ni in je in ɗauko.

A Maiyama na samu akori-kura da ta yi lodin albasa za ta Aliero, direban ya yarda ya sauke ni a Jega. Muka ɗaure tunkiyar ƙafa huɗu yadda kowa ke yi, muka kwantar da ita a ɗan filin da ya rage, kan tsurar ƙarfe. Ni na hau buhu. Ba mu yi nisa ba na ji tafin ƙafata na zafi ta cikin takalmin roba, don wurin daidai saman salansar motar yake, ga kuma rana. Na janye ƙafafuna na ɗora kan buhu. Tunkiya tana ta kuka, tana ɗaga kai tana bugawa. Wani dattijo da ke kusa da ni ya ce, "Yaro, bisag ga ba ta jin daɗi."

Na ce, "Baba, wace tunkiya ta taɓa shiga mota tana dariya?" Aka kwashe da dariya, har da shi.

Da muka isa gida na kwance ta, ta miƙe, ta sha ruwa, ta ci harawa. Gashinta lumui, ko ƙauri babu. Matata ta durƙusa ta cusa fuska a wuyanta, ta ce har yanzu tana ƙamshin hayaƙin ɗakin Inna.

Bayan 'yan kwanaki ta lura tunkiyar ba ta kwanciya ta hagu. Ta shafa haƙarƙarin, sai gashi ya biyo hannunta. Fatar wurin ta ƙandare kamar ƙirgi.

"Malam, mi as samu tunkiyag ga?"

Na ba ta labarin motar, ban rage komai ba.

"Kai ka ɗauke ƙahwakka?"

"Na ɗauke."

"Ita hwa?"

"Tana ɗaure."

Ta shiga ɗaki ta ɗauko zuma.

Ni ƙunar da na sani ita ce ta harshen wuta: gashi ya babbake, dabba ta zabura, kowa ya gani. Ban san zafin da mutum zai iya taɓawa ya janye hannu ba, idan ya daɗe a wuri guda, yana dafa fata har can ciki, kamar dankalin da aka binne a toka. Tsakiyar ciwon ko an danna ba ta motsi, wurin ya riga ya mutu. Gefensa kuwa ko ƙuda ya sauka sai jikinta ya ɗauki rawa. Mataccen wurin ya ɗago ya faɗi, ya bar jan nama ya kai faɗin faifai. Matata tana wankewa da ruwan bagaruwa, ta shafa zuma da man shanu, ta zauna da goyo a baya tana korar ƙuda da mafici. Tana yi tana mata magana yadda Inna take yi.

Tunkiya ta yi ɓari. Daga nan ta daina tashi. Na yanka ta don kada ta yi mushe. Matata ba ta ci naman ba, fatar kawai ta ce a bar mata.

Majemin da na kai wa a Jega ya ɗaga ta a rana, ya ce gefen ciwon ma ya dahu, ba zai karɓi jima ba, sai an yanke. Ya dawo mini da buzu mai ƙatuwar kafa. Matata ta samo jar fatar akuya ta yi masa faci, ɗinkin ma a karkace. A kansa ta yi sallarta har ƙarshen rayuwarta.

Ba ta taɓa yi mini gori a gaban mutane ba. Amma duk ranar da na tsoma hannu a tuwo mai zafi na fizge, sai ta ce, "Awo, Malam dai ya san zahi." Tun ina jin haushi har na koma dariya, har yara suka ɗauka ba tare da sun san mafarin ba.

Yanzu buzun yana wurina. Gashin ya ƙare, facin ya yi baƙi. Idan na zauna tahiya, ƙafata ta hagu a kansa take sauka. Jikata ce ke kawo mini tuwo, da zafinsa take kawowa. Nakan tsoma hannu in fizge, in ɗan dakata ina saurare.