Alherin da Na Hana 'Yata Faɗa

Shekarun baya, wata rana bayan la'asar, ina kicin ina tsince shinkafa sai na riƙa jin ƙarar cokali a cikin kofin shayi daga falo. Ƙil-ƙil-ƙil, ba tsayawa. Sukarin da juyi uku zai narkar, an fi minti biyar ana juya shi. Na leƙa, sai ga 'yata zaune a ƙasa, wayarta kife a kan cinya, idonta a bango. Ban tambaya ba. Na san sakamako ya fito.

Ita ce babbar 'yarmu, a nan Madina aka haife ta, a gidanmu na unguwar Sih. Ta yi digirinta na farko a Amurka, a hannun ƙanin mahaifinta, kuma tun tana ƙarama ba ta da buri sai likitanci. A can, bayan digiri akwai wata babbar jarrabawa da ake zaunawa kafin makarantun likitanci su kalli mutum. Ta zauna, ta dawo gida tana jira. Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, na riga na cika unguwa da "Daktora". Ko burodi zan aike ta saya, sai na ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji: "Daktora, yalla, yi sauri kafin su rufe!"

Na zauna kusa da ita. Ta ce, "Makin bai kai ba, Ummi. Khalas, shi ke nan." Ba faɗuwa ta yi ba, amma makin ya yi ƙasa da abin da manyan makarantu ke nema. Na rungume ta, na ce Allah bai manta da ita ba.

Bayan kwana biyu baffanta ya kira. Ya ce kada ta yanke ƙauna, akwai wasu makarantun likitanci da ake kira ostiyofatik. Cikakken likitanci suke koyarwa, sannan su ƙara da koyar da duba ƙashi da gaɓoɓi da hannu. Su ma suna duba maki, amma suna ba da muhimmanci sosai ga abin da mutum ya taɓa yi wa marasa lafiya. Da maigidana ya dawo daga wajen aikinsa a Yanbu ranar Alhamis muka ba shi labari, ya yi dariya ya ce, "Wato ɗori za ta je koyo har Amurka? Ai da an faɗa mini da na kai ta wajen tsohon nan mai ɗori na bayan kasuwa." Ranar ce 'yata ta fara murmushi.

Ta cike takardu ta tura wa baffanta ya duba. Ya sake kira, ta sa shi a sifika. Ya ce, "Shafin da ya kamata ya cece ki shi kika bari fayau. Da wannan makin, idan ba su ga kin taɓa zama da mara lafiya ba, ba za su ma kira ki ba. Saura mako biyu a rufe."

Ta ce wa baffan nata, "Ammi, ban yi komai ba."

Na saki baki ina kallonta. Yarinyar da ta yi shekara uku tana juya kakarta a kan gado, tana goge mata jiki, tana matsa mata ƙafafu har Allah Ya karɓi abarsa. Yarinyar da tsofaffin unguwarmu, waɗanda Larabcinsu bai wuce na cefane ba, suke aikowa a kira ta raka su asibiti ta tsaya tsakaninsu da likita. Duk hutun da ta zo, haka take yi. Da aka ajiye waya na lissafa mata su ɗaya bayan ɗaya, na ce wannan duk mene ne?

Ta dube ni ta ce, "Ummi, ke fa kika ce ba a faɗa."

Sai na tuna. Tana 'yar shekara goma sha uku, mun yi baƙi, ta shigo tana ba su labarin yadda ta yi wa wata tsohuwar maƙwabciyarmu wanka lokacin da take kwance. Na ja ta kicin, na riƙe kunnenta, na ce abin da aka yi don Allah, ranar da aka faɗe shi don a yaba, ranar ladansa ya tafi. Na ƙara da cewa jikin mara lafiya amana ne, ba labarin hira ba. Ni na manta da maganar tun tuni. Ita kuwa ta ɗaure ta a zuciya tamau.

Kwanakin nan na shiga wani hali. In na ce ta rubuta, kamar ina ce mata ta sayar da lahirarta don gurbin makaranta. In na yi shiru, da hannuna na rufe mata ƙofa. Mahaifinta cewa ya yi, "Ku rubuta mana, ƙarya ce?" Ta ƙi. Na je na tambayi malamar da muke ɗaukar karatu a wajenta. Ta ce mini niyya tana wurin da aka yi aikin, kuma wanda aka tambaya ya faɗi gaskiya saboda buƙata ba riya ya yi ba, sai dai ya tsare zuciyarsa. Na dawo da murnata, 'yata ta saurara tsaf, sannan ta ce, "Tayyib, na ji. Amma sirrin ba nawa ba ne, nasu ne."

Saura kwana biyar na sa abayata, na ɗauki ɗan dabino, na ce ta taso mu je wajen tsohuwar nan da ta yi wa wanka. Khala muke ce mata, mutuniyar Chadi ce, ta fi shekara arba'in a Madina. Muka same ta a kan darduma tana jan carbi. Na yi ta kewaye-kewaye, ina neman yadda zan fara, har ta gaji ta ce, "Ke 'yar nan, bikon aure kika zo ko me? Faɗi maganarki."

Na faɗa. Ta ajiye carbin, ta kalle ni, ta kalli 'yata.

"Ke kika hana ta?"

Na ce, "Ni ce, Khala."

"La haula! Ni babu gidan biki ko na rasuwa a garin nan da ban ba da labarin yarinyar nan ba. Har 'yan uwana na Khaibar sun san ta. Ashe ku kaɗai kuke zaune a kan sirri!" Ta yi dariya har da tari. Sannan ta jawo hannun 'yata ta ɗora a ƙugunta. "Ya binti, 'yata, ki rubuta musu wannan. Wata nawa ina kukan gwiwa, ana ba ni man shafawa? Ke kika kalli tafiyata, kika danna nan, kika ce wa likita ya duba ƙugu. Da aka ɗauki hoto me aka gani? Ki rubuta. Ki rubuta wankan ma. Tsufa abin kunya ne? Su ma yana nan tafe gare su."

'Yata ta sunkuyar da kai tana hawaye, ta ce ba za ta sa suna ba. Khala ta ce, "Oho miki. Ni dai a ce musu kyakkyawa ce."

Muka bi gidajen sauran tsofaffi uku da take rakawa asibiti. Biyu suka yarda, ɗaya ta ce a bar nata, aka bar shi. Likitan da ya saba ganinta tana kawo su ya rubuta mata takardar shaida. Ta tura saura kwana ɗaya.

Ba zan ce komai ya zo da sauƙi ba. Yawancin makarantun ba su ko amsa ba, wasu suka ba da haƙuri. Guda ɗaya ce ta kira ta ganawa, kuma 'yata ta ce mini rabin lokacin a kan ƙugun Khala suka yi magana. Daga nan suka sa ta a jerin masu jiran gurbi. Muka yi wata da watanni muna addu'a, ni kuma na koyi kiran 'yata da sunan da ubanta ya raɗa mata. Dab da fara karatu gurbi ya samu. Na yi sujada a nan tsakiyar kicin, hannuna duk ƙullu.

Yau ta gama, tana aiki, Khala kuma ta rasu, Allah Ya jiƙanta. In na waiwaya, godiya ce ke cika mini zuciya. Da makin ya yi kyau, da ba wanda zai tambayi wancan shafin, da ban taɓa sanin nauyin maganata a wajen 'ya'yana ba. Mu iyaye mukan yi faɗa cikin fushi mu wuce, yaro kuwa ya gina rayuwarsa a kai. Abin da na koya mata gaskiya ne, amma rabi na ba ta, ban zauna na cika mata sauran ba.

Duk da haka wani abu ya daɗe yana sukata. Zuwanta na ƙarshe, muna zaune muna gyaran mulukhiya, wato lalo, na ce, "Har yanzu ina tsoron ko na sa kin ɓarar da ladanki a takardar nan."

Ba ta ko ɗago ba, ta ci gaba da tsinke ganye. Ta ce, "Kwantar da hankalinki, Ummi. Akwai guda ɗaya da ban rubuta ba. Wannan ko ke ban faɗa wa ba."