Gidan da Oguta Ya Rushe da Hannunsa

Na daɗe ina shakkar rubuta labarin Oguta. Shekara tara na yi ina karatu a ƙetare, na dawo Uyoma da imanin cewa duk wanda aka gaya wa gaskiyar ciwon da ke gidansa an sauke masa rabin kaya. Yanzu ban tabbata ba.

Oguta masassaƙin kwale-kwale ne a bakin tafki, mutum mai ƙarancin magana, kullum da fensir a bayan kunne. Yayansa Omolo ya tafi Mombasa dako a tashar jiragen ruwa tun suna samari. A wajenmu ƙane ba ya barin gidan uba ya kafa nasa sai wansa ya riga shi. Shekara goma sha ɗaya Oguta yana jira a 'yar bukkar samartakarsa, shi da matarsa Adongo, wadda kowa ke kira Nyar Ugenya, wato 'yar Ugenya, saboda garinsu, da ɗansu na fari, Odera.

"Baban Odera," in ji ta wata rana tana shanya ƙananan kifi, "ka yi wa kowa jirgi a garin nan, amma ni in na miƙe ƙafa a ɗaki sai ta leƙa waje."

"To ki riƙa lanƙwasawa, Nyar Ugenya. Doguwar mace na auro, laifina ne."

Ya yi dariya, amma maganar ta zauna masa. Da damina ta wuce ya rungumi zakara, Odera ya saɓa gatari kamar yadda al'ada ta tanada, suka fita da asuba suka kafa gida a gonar gangare. Baffansa, dattijon zuriyar, ya ƙi raka su.

A sabon gidan aka haifi Apondi. Tana wata takwas hannuwanta da ƙafafunta suka kumbura, ko zani ya taɓa ta sai ta ƙwalla ƙara. Idonta ya yi ɗorawa. Ta warke, ta sake kwantawa, haka har ta shekara uku, suka binne ta a bayan ɗaki. Sai aka haifi Owiti. Yana wata goma yatsunsa suka fara kumbura.

Baffan ya zo ya tsaya a bakin shinge, bai shiga ba.

"Ɗan ƙanena, Odera da aka haifa a gidan ubanka lafiyarsa ƙalau. Biyun da aka haifa a nan fa? Chira ce, la'anar karya al'ada. Ka tsallake yayanka, ita kuma tana cin 'ya'yanka."

Oguta bai yi musu ba, don shi ma lissafin da yake yi ke nan a zuci. Ya kwance kwanon rufin da kansa, ya ture bangon, ya mai da iyalinsa tsohuwar bukka. Aka jiƙa musu manyasi, ruwan toka da saiwoyi na wanke chira, duk suka sha. Ya yi ta kiran Omolo a waya ya zo ya kafa nasa gidan, har ya zo.

"Ka tashe ni daga Mombasa don in gina ɗakin da ɓeraye za su kwana?" in ji Omolo. Amma da ya ga yaron sai ya tuɓe riga. Kwana huɗu suka yi suna gini, ya kwana a ciki shi da matarsa kamar yadda ake yi, ya koma.

Wata biyu Owiti yana wasa a tsakar gida. Oguta har ya soma fito da baki a wajen aiki. Sai aka yi ruwa da sanyi, ciwon ya dawo, ya fi na da.

A asibitin gunduma wata nas ta ɗebi jinin Owiti da na iyayensa. Lokacin Adongo tana da ciki wata biyar. Da sakamako ya fito nas ɗin ta zaunar da su, ta ce sikila ce. Ta zuba wake ja da fari a kan tebur.

"Kowane mutum iri biyu yake ɗauke da shi, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Baba, kai kana da fari ɗaya, ja ɗaya. Mama ma haka. In fari yana nan, jan ɓuya yake yi, shi ya sa ba ku taɓa jin komai ba. Yaron da ya ɗauki ja a wajenka, ya ɗauki ja a wajenta, shi ne ke ciwo."

"Amma ba 'yar'uwata ba ce," in ji Oguta. "Sai da aka bi kakanni har bakwai kafin a kai shanun aure."

"Ba sai da zumunta ba. A kewayen tafkin nan masu jan suna da yawa, don mai guda ɗaya zazzaɓin sauro bai cika kashe shi ba."

"Gidan fa?"

"Wane gida, Baba?"

 Sai ya yi tambaya a kan na cikin. Ta ce a kowane ciki, yiwuwar yaro ya ɗauki ja biyu ɗaya cikin huɗu ce. Fuskarsa ta ɗan saki.

"To ai mun riga mun ba da biyu. Wannan ya tsira ke nan."

Nas ɗin ta tattara waken a hankali. "Ciki ba ya tuna na baya. Kowane sabo ne."

Adongo ta dafa cikinta.

Yanzu Owiti yana shan ƙwayoyi kullum, ana ɗura masa ruwa, ana lulluɓe shi da zarar iska ta taso daga tafki. Wani watan ya wuce lafiya, wani a gadon asibiti. Haihuwa saura mako shida. Har yau Oguta bai sake ɗora rufi a gangare ba, ko da yake yanzu babu mai hana shi.

Na same shi yana toshe tsagar wani jirgi da auduga da kwalta. Na tambaye shi, tun da ya san ba gininsa ne ya jawo ba, ko zuciyarsa ta ɗan yi sauƙi?

Ya daɗe yana tura audugar da bakin wuƙa.

"Ɗan'uwa, da aka ce gida ne, ina da abin da zan rushe. Yanzu an ce a jikina yake, da jikinta. Da safe in na tashi, sai dai in taɓa yatsun yaron in tafi aiki."