Ƙafafun Keken da Na Ƙi Bari a Ɗaure da Roba

Ko da zan manta da duk tseren keken da na taɓa shiga, ba zan manta da wata Talata a hanyar Gwaram ba.

A lokacin ina zaune a Birnin Kudu, kuma tseren keke ya shiga raina sosai. Na sayar da ɗan bijimin da nake kiwo na sayo ƙafafun keke irin na manyan 'yan tsere, marasa nauyi, da yatsa biyu za ka ɗaga guda. Gaskiya a kan kwalta suna da gudu, ba zan yi musu ƙarya ba. Sai dai tayarsu a manne take da gam, tib ɗin kuma a ɗinke yake a ciki. An ba ni tayar canji, na bar ta a gida wai kada ta ƙara mini nauyi. Ni da na sha koko da ƙosai har na ƙoshi kafin in fito!

Ranar Talatar na fita atisaye a kan keken, na wuce Sundimina ke nan da hantsi sai wayata ta yi ƙara. Yayata ce daga Gwaram. Ta ce jikin kawunmu, wanda ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu, ya yi tsanani.

"Sunanka yake ta kira. Don Allah ka taho yanzu."

Na sa kai ina taka keke iya ƙarfina. Ban yi nisa ba na kauce wa wata motar kaya, na faɗa gefen hanya, ƙaya ta huda tayar baya. Na tura keken zuwa wani ƙauye inda wani dattijo mai faci yake zaune a gindin dalbejiya. Ya juya ƙafar, ya sake juyawa, ya nemi inda zai sa ƙarfen cire taya ya rasa.

"Malam, na tsufa a sana'ar nan, ban taɓa ganin irin wannan ba. In na taɓa, ɓata maka zan yi."

Wani ɗan acaɓa da ke wurin ya ji abin da ke tafe da ni. Ya ce in hau, a ɗaure keken da roba a baya, ba sai na biya ba. Na dubi robar, na dubi ƙafafun, na ce za su tsage. Dattijon ya ce to in bar keken a wurinsa amana. Nan ma na ƙi. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma haka aka yi: na tsaya a bakin hanya ina jiran motar da za ta ɗauki keken ba tare da an danne shi da buhuna ba. Biyu sun tsaya, na ce su wuce.

Sai bayan azahar na isa Gwaram. Tun daga bakin layi na hango tabarmi a ƙofar gida. An riga an yi wa kawu wanka. Na samu sallar jana'iza, na kama makara, amma ban samu abin da ya kira ni domin shi ba. Da na shiga gaishe da matarsa, ba ta yi mini faɗa ba. Da ma ta yi.

"Duk wanda ya yi sallama sai kawunka ya ɗago kai," in ji ta. "Allah bai nufa ba, ɗana."

Na san ajali ba ya jira. Amma na san kuma babur ɗin nan zai kai ni da sauran numfashinsa, kuma har yau ban san me yake son faɗa mini ba.

Yanzu masu sha'awar tsere kan tambaye ni ko ƙafafun nan sun cancanci kuɗinsu. Nakan ce suna da gudu, mai hali ya saya. Amma kafin ka saya, ka tambayi zuciyarka ko za ka iya jingine su a gindin bishiya ka tafi in an kira ka. In ba za ka iya ba, sun fi ƙarfinka, ko da kuɗin na aljihunka.