Kat-san-kat ɗin Baba ta daina gaisuwa

Babu motar da ta kai kat-san-kat ɗin marigayi Babanmu ladabi. Daga Tasawa zuwa Mayahi, duk rijiyar da ta gani sai ta mutu, mu gaisa da masu ban-ruwa, su taya ni turi.

Matsalar filatin ce, ɗan ƙarfen da ke ba inji wuta. Amma wani abokina ɗan boko ya rantse mini cewa tsohuwar mota, ko ƙusa ka canza mata, kartigiris ɗinta, wato takardar mallakarta, ya mutu, sai a ƙwace ta. Tsoron rasa motar Baba ya sa na haƙura.

Jiya a Kanan-Bakashe na kai kuka wurin Malam Idi makanike.

Ya ce, "Alhaji, buɗe takardar. Ga lambar shasi. Ina sunan filatin?"

Na duba, babu.

"To shekara nawa kana turi?"

"Shida."

Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa da alheri. Ya sa mata na lantarki, ya naɗe tsohon a takarda ya miƙo mini: "Ajiye, hannun Baba ya taɓa shi."

Yau makulli ɗaya ta tashi.

Jama'a, ni da motar, wa ya fi buƙatar gyara?