Farar A-kori-kura a Ƙofar Surukaina

Mahaifina direba ne da ya zo Kaduna daga Katsina. Ya mallaki a-kori-kura uku, kuma bai taɓa yarda ɗaya ta shiga aikin 'yar'uwarta ba. Shuɗiyar ta dabbobi ce, an yi mata kejin ƙarfe, warin bunsuru kuma ya zauna a jikinta zaman da sabulu bai isa ya tashe shi ba. Jar ta siminti ce, wadda duk yaron da ya jingina da ita sai ya koma gida da furfura. Farar kuwa ba ta haya. Ya shimfiɗa mata darduma, ya yi mata rumfar tamfol, ya keɓe ta don kai gawa maƙabarta kyauta. Daga Badarawa har Abakpa, kowa ya san ma'anar tsayuwarta a ƙofar gida.

Shekarar da na gama jami'a, baffannina suka zo daga Katsina don su nema mini aure a Abakpa. Safiyar tafiyar, mahaifina yana unguwar Mando da jar motar, ni kuma kunya ta sa na bar gidan. Babban baffana bai san dokar motocin ba. Ya sansana shuɗiyar, ya dubi babbar rigarsa, sai ya ɗauki makullin farar, yana yaba tsabtar dardumarta.

A gidan yarinyar akwai kakarta, wadda ta jima tana jinya. Kafin a sauke goro da alewa, maƙwabta sun shimfiɗa tabarmi, mata sun fara salati, wani har ya ɗauko makara daga masallaci. Baffa yana ta murna da irin wannan tarba, sai da liman ya riƙe hannunsa ya yi wa tsohuwar addu'ar rahama.

Mahaifin yarinyar ya fusata. Ya ce mutanen da suka yi wa mahaifiyarsa wannan fata su koma da goronsu.

Washegari tsohuwar ta aiko a kira ni. Na durƙusa a bakin gadonta da jawabin ban-haƙuri da na tsara tun a hanya, amma ba ta bari na fara ba.

"Kai ne angon nawa da ya aiko a ɗauke ni?"

Ta ce ta leƙa ta taga ta ga duk wanda ya zo da wanda ya noƙe, har maƙwabciyar da suka yi shekaru ba sa ga-maciji ta gan ta tana sharɓar kuka. Tun da ta kwanta, in ji ta, ba ta sha maganin da ya kai wannan ba. Nan take ta sa aka kira ɗanta, ta umarce shi ya karɓi goron.

"Ranar kai kaya ku zo da ta awakin," ta ce mini. "Farar kuma ka ce wa babanka ya ajiye mini, amma kada ya yi gaggawa."

Haka aka yi. Katifarmu ta daɗe tana warin bunsuru, ban kuwa taɓa yin ƙorafi ba.