Balbelun da Baba Ya Yanka

A bayan Badarawa akwai wata siririyar hanya da ta bi gefen rafi ta gangara wajen kogi. Mota ba ta binta. An dasa darbejiya a gefenta tun kafin a haife ni, kuma da safe masu hawan jini ne suka fi yawa a kanta, sai ma'aikatan da ke sauri su fita bakin titi su sami motar Kawo.

Nan da can a kan hanyar akwai ƙananan ɗakunan siminti na hukumar ruwa, marasa taga, kowanne da ƙofar ƙarfe da kwaɗo. A cikinsu ake buɗe bututu a rufe. Bangonsu ya sha rubutu, daga tallar maganin basir zuwa gargaɗin masu fitsari, wanda bai taɓa hana kowa ba.

Shekarar da na gama jami'a, ina zaune a gida ina jiran bautar ƙasa, matasan unguwa suka nemi izinin yi wa ɗakunan fenti, aka ba su. Muka raba. Wani ya yi dagi, wata ta yi furanni irin na zanen lalle. Ni na sami na ƙarshe, kusa da inda wata Bakatsiniya ke toya ƙosai. Na shafe bangon da shuɗi, na yi ciyawa a ƙasa, na tsayar da balbelu a cikinta. Tun ina ƙarama nake ganinsu da yamma suna dawowa daga wajen shanun bakin kogi, farare tas, kuma abin da na fi so a jikinsu shi ne wuyan nan mai lanƙwasa. A kansa na fi daɗewa.

Baba ya riga ya yi ritaya a lokacin, kuma likita ya ce masa ya riƙa tattaki, don haka kullum sai ya wuce ni ina aiki. Uwata yake kirana, domin sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Yakan tsaya, hannu a baya, ya duba. Ranar da na gama ya ce bango ya yi kyau, sannan ya ƙara da cewa da itatuwa kawai na zana ai da sun isa. Na ce itatuwa ga su nan a tsaye, ba sa buƙatar a zana su. Ya ci gaba da tattakinsa.

Mama ce ta gaya mini abin da ke damunsa. Tsoro yake ji kada gobe ƙiyama a ce in hura wa tsuntsayen nan rai, tunda ni na zana su. Na san maganar tun a Islamiyya, na kuma san malamai sun yi saɓani a kanta, na faɗa mata haka. Ta ce in je in faɗa masa da bakina. Ban je ba.

Bayan 'yan kwanaki na bi ta hanyar, mai ƙosai ta hango ni tun daga nesa.

"'Yar nan, an yanka miki kajinki," in ji ta. "Alhajinku ne da kansa, har da rula. Kuma ko naman bai miƙo mana ba."

Sai da na matsa kusa na gani. Kowace balbela an ja mata layi a wuya, shuɗi irin na bangon, siriri kamar zare. Haka kakarmu take yi wa hotunan kalanda, haka muka riƙa yi a littattafanmu muna yara: idan aka raba kai da gangar jiki, an yanka ke nan, ba hoton mai rai ba ne kuma. Guda ɗaya ce ta tsira, wadda ta cusa kanta cikin ciyawa tana kiwo, ba a ganin wuyanta.

Daga kan hanya ba wanda zai lura. Ni kuwa layin kawai nake gani. Da yamma ina shara a tsakar gida ya ce, "Uwata, ban ɓata miki su ba ko? A hankali na yi." Na ce bai ɓata ba. Na ci gaba da shara.

Ashe don layin ya fita siriri ya tsinka fentin da ruwa sosai. Damina na zuwa ta wanke shi, nawa kuwa ya zauna. Da ruwa ya ɗauke, balbelu suka koma yadda na yi su. Baba ya ɗauki rularsa ta ofis da ragowar shuɗin ya koma. Haka ya zama duk shekara, har mai ƙosai ta sa wa abin suna layyar Alhaji. Ni da shi ba mu taɓa zama mun yi maganar ba. Ni dai na san akwai 'yan makonni a ƙarshen damina da tsuntsayen suke nawa, kuma a lokacin nakan bi hanyar ko ba ni da wurin zuwa.

Bara gwiwa ta hana shi tattaki. Iyakarsa masallacin ƙofar gida. Da ruwa ya ɗauke na je na tarar wuyan duk sun warke, na tsaya na daɗe ina kallo. Na yi zaton ya manta. Sai wata safiya ina miƙa masa shayi ya ce, "Uwata, ruwan bana ya yi yawa. Wuyan nan fa?"

Da na ce layin yana nan, da ya yarda, don ƙafarsa ba za ta kai shi can ba. Amma yadda ya riƙe kofin bai kurɓa ba, yana jiran amsa, na ga ba tsuntsayen yake tambaya ba. Na ce layin ya goge. Ya ce rular tana saman sif.

Washegari na tafi da ita. Mai ƙosai ta ga na ɗora rula a wuyan ta farko, ta ce yau kuma mace ce ke yanka, a ina aka taɓa yi. Na ce Alhaji ne ya wakilta ni. Ta ce to in yi bisimilla, na yi.

Hannuna bai kai nasa tsayuwa ba, layina ya fi nasa kauri, kuma ban tsinka fentin ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, na tsallake mai kiwo. Da na dawo ya tambaya ko duka na yi, na ce duka, ban da wadda ya saba bari. Ya gyaɗa kai, ya ce in mayar da rular inda na ɗauko ta.